Allurar Baba da Tawa

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, shekarata 46. Wata uku ke nan da aka gano mahaifina, mai shekara 73, yana da kansar furostet, wadda mutane suka fi sani da kansar mafitsara. Ya daɗe yana kukan ciwon baya da ƙugu muna cewa tsufa ne, sai da aka ɗauki hoto aka ga ta riga ta kama ƙashi. Likita ya ɗora shi kan wata allura da ake yi a fatar ciki duk bayan wata uku, ya ce aikinta ta kashe sinadarin mazakuta, wato testosteron, domin da shi cutar ke rayuwa. Ciwon bayan ya lafa, har yana iya sunkuyawa ya ɗaura takalminsa da kansa. Amma Baba ya canja. Tsakar dare sai ya farka jiƙe sharkaf da gumi, ƙarfinsa ya ragu, abu kaɗan ya fusata shi. Yanzu lokacin allura ta biyu ya yi, ya ce babu inda za shi, ba za a dandaƙe shi da ransa ba.

Ga kuma abin da ban faɗa wa kowa ba, ko matata. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina yi wa kaina allurar testosteron. Wani abokina a wurin motsa jiki ne ya kawo mini, saboda na yi masa kukan kasala da raunin sha'awa. Ba likita ne ya rubuta ba, ban kuma taɓa yin gwajin komai ba. Tun ranar da na ji bayanin likitan Baba barci ya ƙaurace mini. Idan wannan sinadarin ne ke kawo cutar, ashe da hannuna nake ɗura wa kaina ita? Shi ma Baba ƙaƙƙarfan mutum ne tun yana saurayi, ko yawan sinadarin ne ya ja masa? In daina allurar yau? Me kuma zan ce wa Baba?

Amsa

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, kai kuma Ya saka maka da wannan ɗawainiya.

Maganar Baba ce ta fi gaggawa, amma zan ajiye ta sai ƙarshe, domin ba za ka iya shawo kansa ba muddin kai ma kanka a ɗaure yake. Lissafin da ke hana ka barci shi ne: tunda rage sinadarin ne magani, to yawansa ne cutar. Kada ka ji kunya, likitoci ma sun shafe shekaru fiye da hamsin a kan wannan lissafin. Rabinsa daidai ne, rabin kuwa bincike ya ƙi gaskata shi.

Da farko mu san wurin da ake magana a kai. Furostet dabam, mafitsara dabam. Wata 'yar tsoka ce a ƙarƙashin mafitsara wadda ta yi wa bututun fitsari zobe. A jikin matashi nauyinta bai fi giram 20 ba, ko girman ƙwallon tebur ba ta kai ba, aikinta kuwa samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Sunan nan na "kansar mafitsara" yana ruɗa mutane ƙwarai, don mafitsara tana da tata kansar, da nata maganin da bai haɗa hanya da wannan ba.

Wannan 'yar tsoka ba ta girma sai da izini, izinin kuwa daga sama yake saukowa. Can a ƙasan ƙwaƙwalwa akwai sashen da ke sakin wani sinadari mai suna GnRH, ba a jere ba, a'a, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana tsagaitawa. Ƙwanƙwasar tana tayar da wani ɗan ƙululu da ake kira fituwitari, shi kuma ya saki wani sinadari mai suna LH cikin jini, LH ya isa 'ya'yan maraina ya ce a haɗa testosteron. Fiye da kashi 90 cikin 100 na testosteron ɗin namiji daga nan yake, ɗan abin da ya saura daga ƙululun adirinal da ke zaune a saman kowace ƙoda. Idan sinadarin ya iso furostet sai a juya shi ya koma wani mai suna DHT, wanda ya fi shi ƙarfi sosai. A cikin kowace ƙwayar halittar furostet akwai wani abu mai kama da kwaɗo, DHT ne mabuɗinsa. Da ya shiga ya murɗa, sai ƙwayar ta samu umarni: ki rayu, ki rabu biyu, ki fitar da PSA. PSA ɗin nan wani sinadari ne da ake aunawa a jini, shi ne lambar da kake gani a takardar gwajin Baba. Ƙwayar kansa ma 'yar gida ce, ta gaji kwaɗon, da wannan mabuɗin take buɗe bakinta ta ci.

Shaidun wannan rabin na gaskiya suna da ƙarfi. An daɗe da lura cewa babanni, waɗanda aka dandaƙe tun kafin su balaga, furostet ɗinsu ba ta girma, kansarta kuwa da wuya a ji ta a cikinsu. A 1974 wata likita 'yar Amurka, Julianne Imperato-McGinley, ta ba da rahoton wasu iyalai a Jamhuriyar Dominika waɗanda aka haifa jikinsu ba ya iya juya testosteron ya koma DHT. Sun girma, murya ta buɗe, ƙwanji ya fito, amma furostet ta tsaya 'yar mitsitsiya. Babbar shaida kuwa ita ce ta Charles Huggins na Jami'ar Shikago. A 1941, shi da ɗalibinsa Clarence Hodges suka nuna cewa idan aka cire 'ya'yan marainan mai kansar da ta bazu, ko aka ba shi sinadarin mata, cutar tana ja da baya. Mutanen da ciwon ƙashi ya kwantar suka miƙe suka taka. Wannan ne karo na farko da aka ga kansar da ta watsu a jiki ta rusuna wa magani, shi ya sa aka ba Huggins kyautar Nobel a 1966. Takalmin da Baba ke ɗaurawa da kansa yau, jikan wancan aikin ne.

To, daga nan ne aka yi tsalle. Huggins ya kuma yi wa wasu marasa lafiya allurar testosteron ya ga cutar ta harzuƙa, mutane ƙalilan da ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma dukansu masu kansar da ta riga ta yi nisa. Daga wannan sai magana ta zauna a littattafai cewa namiji mai yawan testosteron shi ne abincin wannan cuta. Da haka ne, ai da samari 'yan shekara ashirin ne za su cika asibitoci, tunda a lokacin ne sinadarin ke kan ganiyarsa. Sai ga shi abin a juye yake. Daga wajen shekara 40 testosteron yana sauka da kimanin kashi 1 cikin 100 duk shekara, kansar kuwa a lokacin take hawa, har kusan 6 cikin kowane mutum 10 da ake gano ta a jikinsu sun kai 65 ko sun wuce.

A 2008 aka haɗa bincike 18 da aka yi a ƙasashe dabam-dabam, waɗanda aka ɗebi jinin maza aka adana tun suna da lafiya, sannan aka zuba ido shekaru a ga wa zai kamu. Aka kwatanta jinin mutum kusan 3,900 da suka kamu da na sama da 6,400 da ba su kamu ba. Ba a ga wata alaƙa tsakanin yawan testosteron ko DHT a jini da kamuwa da cutar ba. Mai yawa da mai matsakaici, duk jirgi ɗaya.

Yaya za a yi abu ya zama abincin cuta amma yawansa bai ƙara ta ba? Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne wanda likitan nan na Harvard, Abraham Morgentaler, ya yi ta karewa. Kwaɗunan da ke cikin furostet ƙidayayyu ne, kuma ɗan sinadari kaɗan ya isa ya cika su duka. Ka dubi shukar da ke cikin tukunya. Idan ka hana ta ruwa za ta yanƙwane, ka ba ta kofi ɗaya ta farfaɗo, amma bayan ƙasar ta jiƙe ko bokiti goma ka juye ba za ta zama bishiya ba, ruwan ta ƙasa zai tsiyaye. Allurar Baba tana aiki ne a ɓangaren fari, inda kowane ɗigo ke da tasiri. Yawancin maza masu lafiya kuwa tukunyarsu a jiƙe take tuntuni.

Ban ce an rufe babin ba. A 2018 masu bincike a Oksfod suka sake haɗa bincike 20, suka ga mazan da sinadarinsu ya fi na kowa ƙasa, wato kashi ɗaya cikin goma na can ƙarshe, sun fi saura tsira da kimanin kashi 23 cikin 100. Wannan bai saɓa wa misalin tukunyar ba, can cikin fari ne bambancin ya fito. Akwai kuma gwajin maganin finasteride, wanda ke toshe hanyar juya testosteron zuwa DHT. An gwada shi a kan maza kusan 19,000 tsawon shekara bakwai, sakamakon da ya fito a 2003 ya nuna ya rage kamuwa da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, sai dai da aka ci gaba da bibiya ba a ga ya ƙara wa kowa tsawon kwana ba. Saboda haka sinadarin yana da hannu, babu musu. Amma hannun mai ciyarwa ne. Abin da ke haifar da ƙwayar kansa tun farko lalacewa ce da ke taruwa a ƙwayoyin gado na furostet shekara bayan shekara.

Don haka ka sauke wa Baba laifin ƙarfinsa. Ƙwanji, gemu, kaurin murya, yawan 'ya'ya, babu ɗayansu da ya ja masa. Ko yawan kusantar iyali da wasu ke zargi, binciken Harvard da ya bi maza kusan 32,000 ya samu akasin haka ne: masu fitar da maniyyi sau 21 ko fiye a wata sun ɗan fi masu sau 4 zuwa 7 tsira. Ba na kawo wannan a matsayin magani ba, alaƙa ce kawai aka gani, amma ta isa ta kashe zargin.

Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗari uku ne, kuma ina so ka karanta su a tsanake domin kai ake nufi. Shekaru. Sai gado: wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya kamu, haɗarinsa ya ninka na sauran maza kamar sau biyu, har ma gurɓatacciyar ƙwayar gadon nan ta BRCA2 da aka fi sani da kansar nono tana shigowa nan, shi ya sa likita zai tambaye ka har tarihin 'yan'uwanka mata. Sai launin fata: a Birtaniya, namiji 1 cikin 8 ne ake sa ran zai gamu da ita a rayuwarsa, amma a cikin baƙar fata 1 cikin 4 ne, kuma ba a samu wani bambancin testosteron da zai bayyana wannan tazarar ba. Ƙiba ma tana da nata labarin mai ban mamaki. Kitse yana juya testosteron ya koma sinadarin mata, don haka mai teɓa sau da yawa nasa ƙasa yake, amma in ya kamu ya fi haɗuwa da mai zafin. Ga mai ƙarancin sinadari da muguwar cuta, ka ga lissafinka na tsakar dare bai tsaya da ƙafafunsa ba. Akwai ma wani sinadarin girma dabam, IGF-1, wanda bincike da dama suka ga yawansa a jini yana tafiya da ƙarin haɗari kaɗan, shi kuwa ba ruwansa da mazakuta.

Yanzu allurarka. Zan ba ka labari mai daɗi, sannan in ƙwace rabinsa. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna TRAVERSE, maza sama da 5,200 masu shekara 45 zuwa 80, rabi suna shafa testosteron, rabi suna shafa man da babu komai a ciki. Waɗanda aka samu da kansar furostet 12 ne a ɓangaren maganin, 11 a ɗaya ɓangaren. Kusan kunnen doki. To amma su waye waɗannan mutanen? An auna jininsu sau biyu an tabbatar sinadarinsu ya yi ƙasa da gaske. An auna PSA ɗinsu, duk wanda nasa ya haura 3 an sallame shi tun a ƙofa. An ba su daidai abin da zai mayar da su matsayin lafiyayyen namiji, ana aunawa ana gyarawa. Kuma bibiyar ba ta kai shekara uku ba a matsakaici, alhali wannan cuta ce mai tafiyar hawainiya. Kai fa? Ba ka san ko sinadarinka ya taɓa yin ƙasa ba, ba ka san PSA ɗinka ba, ba ka san ainihin abin da ke cikin kwalbar ba, ga kuma mahaifi mai cutar. Ba ka cikin mutanen da wancan sakamakon ya wanke.

Abin da zan iya gaya maka da ƙwarin gwiwa shi ne babu hujjar cewa allurar shekara ɗaya da rabi ta ƙirƙiro maka kansa. Abin tsoron dabam ne. Maza da yawa suna yawo da 'yar ƙaramar kansa a furostet ba su sani ba, binciken gawarwakin waɗanda wani abu dabam ya kashe ya sha nuna haka, har a cikin 'yan shekara arba'in da hamsin. Wanda ke da irin wannan, musamman idan da can nasa sinadarin ƙasa yake, bai kamata ya ƙara mata ruwa ido rufe ba. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce a auna kafin a fara, a kuma riƙa aunawa bayan an fara.

Ni a ganina ma ba kansa ce matsalarka ta kusa ba. Testosteron na waje yana kaurara jini, jajayen ƙwayoyi su yi yawa, haɗarin gudan jini ya ƙaru. Yana kuma yaudarar ƙwaƙwalwa ta ɗauka an ƙoshi, ta daina ƙwanƙwasa ƙofar nan, 'ya'yan maraina su kwanta barci, su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu ko su ɗauke ɗungurungum. Idan kuna neman ƙarin haihuwa kai da maiɗakinka, wannan kaɗai ya isa dalili. Sannan kasala da raunin sha'awar da suka kai ka ga abokin naka, sau da yawa ciwon suga ne, ko hawan jini, ko minsharin da ke yanke numfashi cikin barci, ko damuwa. Wataƙila shekara ɗaya da rabi kana fentin bangon da ke tsattsagewa.

In daina yau? Kada ka sake yin wata allurar kafin ka ga likita, kuma ganin ya kasance cikin mako ɗaya ko biyu, ba bayan an gama da maganar Baba ba. Likitan mafitsara ko na sinadaran jiki ya fi dacewa. Ka tafi da kwalbar ko kwalinta, ka faɗi nawa kake yi, duk kwana nawa, yaushe ne na ƙarshe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za a duba PSA, da kaurin jini, da suga, da shi kansa sinadarin, wanda da safe ake aunawa kuma ba a yanke hukunci da awo ɗaya. Kwana biyu kafin gwajin PSA ka ɗaga wa iyali ƙafa, ka bar hawan keke mai tsanani, in kuma kana da ciwon sanyin fitsari a fara magance shi, don duk suna ɗaga lambar. In kana shan finasteride saboda sanƙo ka faɗa, yana rage lambar da kusan rabi. Ka kuma shirya wa 'yan makonni ko watanni na kasala fiye da ta da, kafin jikinka ya farka ya ci gaba da haɗa nasa. A wannan ramin ne mutane ke komawa ga allurar, shi ya sa ake son likita ya riƙe hannunka. Matarka ma gara ta ji daga bakinka, don ita za ta ga canjin kafin kowa.

Ko da ba ka taɓa ganin wannan allura ba, da zan ce ka je. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle na mahaifi. Mai tarihi irin naka daga shekara 45 ake so ya fara tattauna gwajin PSA da likita, ka ga har ka ɗan makara. In kana da 'yan'uwa maza da suka kai, ka gaya musu. Lamba mai ɗan yawa ba ita ce kansa ba, kumburin furostet na tsufa ma yana ɗaga ta. Sai an maimaita, an yi hoton MRI, in ta kama a ɗebi ɗan nama a duba. Wadda aka kama tun tana cikin furostet kuwa ana warkar da ita da tiyata ko gashi da haske mai ƙarfi, wata ma sa ido kawai ake yi mata.

To, Baba.

Kada ka ce masa ba dandaƙa ba ce, don zai gane kana lallaɓa shi. Likitoci da kansu haka suke kiran matakin da ake so sinadarin ya sauka, ƙasa da 50 a ma'auninsu, inda lafiyayyen namiji ke da ɗaruruwa. Bambancin shi ne ba a cire masa komai ba. Allurar, ko goserelin ce ko leuprolide ko wata 'yar'uwarsu, kwaikwayon mai ƙwanƙwasa ƙofar nan take yi, sai dai ita ba ta tsagaitawa. Kwanakin farko maigidan, wato fituwitari, yana ta fitowa, shi ya sa sinadarin ke ɗan hawa kafin ya faɗi, har akan haɗa da ƙwayar bicalutamide ta tare wannan hawan. Bayan mako biyu zuwa huɗu sai ya gaji ya toshe kunnensa, saƙo ya daina sauka. Abin da ya faɗa gaskiya ne, an karɓi wani abu daga gare shi, kuma dattijon da ya yi shekara saba'in yana jin kansa namiji yana da haƙƙin ya yi baƙin ciki. Ka bar shi ya faɗa, kada ka tare shi da wa'azi.

Bayan ya huce sai ka nuna masa ɗaya gefen. Ranar da allurar ta ƙare a jikinsa, ƙwaƙwalwa za ta buɗe kunne, sinadarin ya fara dawowa a hankali, abin da ke kwance a ƙashin bayansa ya samu ruwa. Ciwon zai dawo. Mafi muni, kansar da ke ƙashin baya tana iya danne lakar da ke ciki. Wannan ka riƙe shi da kyau ko ya yarda da allurar ko bai yarda ba: in ƙafafunsa suka yi nauyi ko suka mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ciwon baya ya tsananta farat ɗaya, asibiti za a nufa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Jinkirin kwana ɗaya yana iya zama bambanci tsakanin tafiya da keken guragu.

Wahalhalun kuma ba a ce sai dai haƙuri ba. Wani kawuna da ya yi wannan allurar, abin da ya fi ƙona masa rai ba gumin ba ne, tashin matarsa da yake yi ta canja zanen gado. Da aka ajiye masa ƙaramin tawul da riga ta biyu a gefen matashi, ya riƙa canjawa shiru ya koma barci, rabin faɗan ya mutu. Akwai magungunan da ke rage wannan zafin da ke tasowa, likita zai zaɓa masa. Raunin jiki kuwa babu abin da aka tabbatar yana taimaka masa kamar motsa jiki, tafiya kullum da ɗan ɗaga nauyi daidai ƙarfinsa, amma tunda cutar ta taɓa ƙashi sai likita ya faɗi irin wanda ya halatta. A riƙa duba suga da hawan jini da ƙarfin ƙashi, don rashin sinadarin yana taɓa su duka. Saurin fushin ma daga maganin ne, ka gaya wa mutanen gida kada su riƙe shi a zuci. Idan ya koma shiru, ya daina cin abinci, ya daina son ganin mutane, wannan ma abin kai wa likita ne.

Ka raka shi ganin likita na gaba da tambayoyi a rubuce. Ka tambaya ko za a ƙara masa magani na biyu a kan allurar, domin tun wajen 2015 zuwa 2017 manyan gwaje-gwaje suka nuna cewa ga wanda cutarsa ta bazu, haɗa allurar da docetaxel ko abiraterone tun farko yana ƙara tsawon rai, daga baya enzalutamide da apalutamide suka bi sahu. Dalilin shi ne ƙwayar kansa tana da wayo. Bayan wani lokaci takan ƙara yawan kwaɗunanta, ko ta canja musu fasali su buɗe da kowane mabuɗi, ko ta fara haɗa nata sinadarin a cikin gida, abiraterone da enzalutamide da apalutamide kuwa nan suke tare ta. Ka tambaya ko yana cikin waɗanda za a iya ba hutun allura lokaci-lokaci ana lura da PSA. Ba kowa ya dace da shi ba, kuma ga mai cuta a ƙashi likitoci sun fi son a ci gaba ba yankewa, amma jin cewa an tambaya kaɗai yana sanyaya ran mara lafiya. In zuwa duk wata uku ne ke gundurarsa, akwai mai wata shida, akwai ta haɗiya.

Abu ɗaya kuma: maganar mazakuta da wuya uba ya buɗe ta gaban ɗansa. Idan kun shiga, ka gabatar da tambayoyinka, ka ajiye takardar a teburin likita, sannan ka ce za ka ɗan fita. Ka ba su minti goma su biyu.